Yaro Bai Fara Tafiya Ba: Wa Muke Matsa Wa, Wa Muke Ƙyalewa?



A taronmu na watan jiya an kawo mana wata ƙara da tun farko ba ta kai a kira ta ƙara ba. Wani ɗan uwa ne ya mayar da matarsa gida Arewa da goyo, saboda yaronsu ya cika wata 13 bai ɗaga ƙafa ba, alhali ɗan maƙwabcinsu da aka yi sunansu mako guda tuni yana zagaya tsakar gida. Uwar miji ta bugo waya ta ce sakacin uwa ne. Wata kuma ta ce ai ciki yaron ya sha. Kafin dattawa su gama shiga tsakani, sai ga labari daga can cewa yaro ya miƙe yana tatata da kansa, ba rubutu ba turare.

A unguwar nan kuma, a watan nan dai, mun je duba wata yarinya 'yar shekara 2 da rabi da ko zama ba ta yi sai an tokare ta da matashi. Babu wanda ya taɓa ɗaga murya a kanta. Kowa cewa yake nauyin ƙafa ne, babanta ma haka ya yi. Wannan shi ne abin da ya dame mu: yaron da lafiyarsa ƙalau mun hana uwarsa barci, wadda ke buƙatar likita kuma mun bar ta a tabarma.

Bari mu fara da lissafin watanni, domin a nan yawancin rigimar take. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da ta bi yara sama da 800 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe 5, wato Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. An ga cewa lafiyayyen yaro na iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wajen wata 8 har zuwa kusan wata 18. Ku duba tazarar: kusan wata 10 tsakanin mai sauri da mai jinkiri, kuma dukansu lafiya lau. Zama ba tare da an riƙe shi ba yakan zo tsakanin wata 4 da wata 9. Har an samu kusan yara 4 cikin 100 da ba su yi rarrafe ba sam. Wasu yaran jan gindi suke yi, kuma irin waɗannan sukan ɗan makara kafin su miƙe. Bakwaini kuwa ba daga ranar haihuwa ake ƙirga masa ba, daga ranar da ya kamata a haife shi ne, don haka wanda ya zo duniya da saura wata 2 sai a rage masa wata 2 a lissafi.

To ina laifin uwar ɗan wata 13? Babu. Maganar shan ciki ma, masana lafiya ba su ce nonon mai juna biyu guba ne ba. Abin da yakan faru shi ne, da zarar an gane ciki sai a cire yaro daga nono dare ɗaya, a bar shi da koko zalla, ya rame, ƙarfinsa ya tafi. Yunwar ce ta zaunar da shi.

Amma akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa kanmu game da irin zaman da muke yi a nan. Yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya a gidan da ya tara iyalai goma. Tsakar gida kullum a jiƙe, ga kwata a bakin ƙofa, ga risho ko tukunyar gas a baranda. Uwa tana tsoron ajiye yaro, sai ya wuni a baya daga safe har magariba. Goyo abu ne mai kyau, da shi aka raine mu duka, sai dai a ƙauye ana sauke yaro a rairayi ya yi ta birgima. Ƙafa da baya ba sa yin ƙwari a cikin zane. A share ɗaki, a shimfiɗa tabarma, a sauke shi ya yi ta fama da dafa gado da bango, ba takalmi.

Sai kuma keken nan na roba mai tayoyi da ake zaunar da yaro a ciki, wanda ya zama kayan barka na 'yan gayu. Ba ya koya wa yaro tafiya, saƙale shi kawai yake yi yana tura ƙasa da yatsu. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yawan raunukan da yara ke ji. A gidajenmu masu matakala da ruwan zafi a ƙasa, ba sai an yi dogon bayani ba. Kuɗinsa da kifi da madara aka saya da ya fi.

Yanzu ga inda muke so a buɗe kunne. Idan yaro ya cika wata 18 bai yi taku shi kaɗai ba, lokacin jira ya ƙare, a kai shi asibiti. Da yawa za a duba a ce babu komai, a dawo gida da kwanciyar hankali. Amma akwai waɗanda ma ba za a jira wata 18 ba: yaron da ya kai wata 9 bai iya zama ba, wanda ya shekara amma in an tsayar da shi ƙafafunsa ba sa ɗaukar nauyinsa, wanda jikinsa ya saki laƙwas ko ya sandare ƙafafu na harɗewa, da wanda gefe ɗaya kawai yake amfani da shi. Wanda kuwa ya fara zama ko tafiya sannan ya daina, wannan ba maganar gobe ba ce. In ƙafa ta saki kwatsam, a ranar za a tafi. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agusta 2020, amma har yanzu jami'an lafiya suna bin duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, kuma rigakafi bai ƙare ba.

Abubuwa biyu ne muka fi gani a tsakaninmu. Na farko shawara a makon haihuwa. Jariri ya yi ɗorawa a ido da jiki, sai a ce a shanya shi a hantsi, a ba shi jiƙo. Idan ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sai bayan watanni ake ganin illar, lokacin da wuya ya ƙi tsayawa. A asibiti wata fitila mai shuɗin haske ake sa jariri a ƙarƙashinta, cikin 'yan kwanaki. Kafur ɗin da muke zubawa cikin akwatin kayan jarirai ma yana tayar da ita ga wasu yaran, a raba su da shi.

Na biyu laushin ƙashi, wanda ke sa ƙafa ta lanƙwashe kamar baka ko ta yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, yaro ya riƙa ƙin tsayuwa don ciwo. Binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa a wajen yaranmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, ba rashin rana ba. Yaron da aka yaye da koko da tuwon masara kaɗai bai samu abin gina ƙashi ba. Nono da madara, ƙananan kifi da aka daka da ƙashinsu, miyar kuka, ga su nan a kasuwar Agege da Mile 12. Kuma wannan ciwo yana jin magani idan an kama shi da wuri.

Mun san abin da wasu za su ce: asibiti kuɗi ne, layi ne, kuma matanmu da yawa ba sa jin Yarbanci ko Turanci, sai su je su dawo ba su gane abin da aka ce ba. Wannan gaskiya ne, ba za mu musa ba. Amma kuɗin motar kai yaro gida wajen mai magani da dawo da shi sau biyu, a tsadar yau, ya isa a buɗe kati a ga likitan yara. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, mu ma muna yi, ana tofa ta a kan hanyar asibiti. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a shekara ana zargin maƙwabciya da kambun baka yayin da watannin da gashin ƙashi ya fi amfani suke wucewa. Ga Asibitin Ƙashi na Ƙasa a Igbobi, ga asibitocin koyarwa a Ikeja da Idi-Araba, kuma tun daga ƙaramin asibitin unguwa inda ake awo ake ba da takardar turawa.

Ku kuma maza, da ku muke. Mafi yawanmu ba mu san inda katin rigakafin 'ya'yanmu yake ba, balle mu san watansu nawa. Muna fita da asuba mu dawo sun yi barci, sai ranar da aka yi gori mu hau uwa da faɗa. Ku ɗauko katin yau ku duba ranar haihuwa.

Yarinyar da muka ambata an kai ta makon jiya, an ba su ranar komawa sashen gashin ƙashi. Duk wadda take son rakiya ko tafinta zuwa asibiti ta sanar da shugabar mata, akwai 'yan uwa uku da suka ɗauki nauyin wannan a ranakun Litinin da Alhamis. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya.

Sakataren Ƙungiya