Wasan ɗalibai a bayan labule yake lalacewa

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce na kalli wasan kwaikwayon ɗaliban wata makarantar sakandare a gundumar Agye. Makonni suka yi suna haddar maganganunsu. Ana cikin fitowa ta biyu wuta ta ɗauke, aka je tayar da injin da aka aro, ashe babu mai a ciki. Kafin a sayo, rabin iyaye sun watse, yarinyar da ta fito a uwargida tana kuka a bayan tabarmar da aka yi labule da ita.

Ba na ganin laifin yaran, ko malamin da ya koya musu wasa. Aiki guda ne ba a ba kowa ba: na mai kula da fage, wanda Faransawa ke kira régisseur.

Shi ne zai je filin tun ana saura makonni, ya auna fagen, ya san inda za a jawo wuta da tsawon wayar da ake buƙata. Ya rubuta a takarda lokacin da kowace fitila za ta kama, wa zai miƙa makirufo, wa zai shigo da turmi ko kujerar mai gari. Ya rufe wayoyi don kada yaro ya taka mai wuta. Ya dage a yi gwajin ƙarshe da dare, a filin da za a yi wasan, da lasifikar da za a yi amfani da ita. Tunda bukukuwan nan suna faɗowa farkon damina, dole ya san inda za a ruga da kaya idan hadari ya taso.

Batun wuta kuwa, mu ba baƙinsa ba ne. Layin da ke ba Maraɗi da Damagaram lantarki daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda Najeriya ta yanke shi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wanda ya shirya wasan dare a Gazawa ko Gidan Rumji ba tare da inji da mansa a ajiye ba, ganganci ya yi.

Ƙasar da ta yi gasar wasannin samariya a zamanin Seyni Kountché, ta kuma san su Yazi Dogo, ba ta rasa ƴan wasa ba. Masu riƙe musu fage ne ba a horarwa.

Shawarata ga shugabannin makarantu: ranar da aka raba wa ɗalibai rawar da za su taka, a naɗa ɗalibi ɗaya, mace ko namiji, a wannan aiki, a haɗa shi da wani mai gyaran lantarki na gari. Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Legas ko Aljeriya, masu aiko wa tsohuwar makarantarku gudummawa, kada duka ta tafi a ɗinkin kayan wasa. Ku tambayi nawa aka ware wa waya da man inji, da kuma a hannun wa kuɗin suke.