A fito da taswirar burtali daga cikin kabad

Kowace kaka labarin ɗaya ne a Damargu. Da zarar garke ya fara gangarowa daga arewa, gero kuma bai gama shiga rumbu ba, sai ka ji an taru a ƙofar mai gari. Manomi na cewa shanu sun shiga gonarsa, makiyayi na rantsuwa cewa wurin burtali ne tun zamanin kakansa. Kowa ya kawo shaidunsa, kowane shaida kuma dangin wanda ya kawo shi ne. A ƙarshe mai baki ko mai aljihu ne ke yin nasara, wanda ya rasa ya tafi da abin a zuciya har baɗi.

Abin haushin shi ne dokokin da za su raba gardamar nan suna nan a rubuce. Tun 1961 doka mai lamba 61-05 ta shata iyakar noma ta arewa, layin da ya shafe mu kai tsaye mu mutanen Tanut da Balbeji. A 1993 aka kafa kundin dokokin karkara, wanda ya haifar da kwamitocin filaye da muke kira COFO, daga gunduma har ƙauye. A 2010 dokar kiwo ta tabbatar da cewa yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. An bi burtali da dama da na'urar GPS, an kafa masu shaidun siminti, an zana taswira. To ina taswirorin suke? Suna manne a bangon ofis rana na cinye launinsu, ko suna cikin kwamfutar wani ma'aikacin da aikinsa ya ƙare ya koma Yamai.

Ni kaina na taɓa zuwa wani ofis neman kwafin taswirar burtalin da ya ratsa kusa da gonar gidanmu. Ranar farko aka ce mai mabuɗi ba ya nan. Rana ta biyu aka ce in rubuto takarda. Rana ta uku aka tambaye ni me zan yi da ita. Kuɗin mota na kwana uku ya tafi, ban ga ko gefenta ba.

Alhali maganin yana cikin aljihun samarinmu. Taswirar da aka ɗaura wa lambobin wuri, wato aka haɗa kowane lungu nata da ainihin matsayinsa a doron ƙasa, ana iya ajiye ta a matsayin PDF ko GeoTIFF, a tura ta WhatsApp kamar hoton biki. Sai a buɗe ta cikin manhaja irin Avenza Maps ko QField, ta shimfiɗu a allon waya, wani ɗigo ya nuna inda kake tsaye a kanta. In ka taka, ɗigon ya taka. GPS daga tauraron ɗan adam yake ɗaukar saƙo, don haka ko a dajin Tenhiya da babu layin waya abin yana aiki, muddin an sauke taswirar tun a gari. Manomi da makiyayi da mai gari za su iya tsayawa a bakin gonar da ake gardama a kai, su ga ko ɗigon na cikin burtali ko yana waje.

Na san abin da masu riƙe da mabuɗi za su ce. Na farko, wai talaka bai iya karanta taswira ba. Yaron da ke gane hanyar rijiya da taurari, yake kuma tura kuɗi ta waya, shi ne ɗigo a cikin layi biyu zai gagara? Na biyu, wai waya tana kuskure. Gaskiya ne, tana iya kaucewa da mita biyar zuwa goma. Wannan ba zai raba rigimar kunya ɗaya tsakanin maƙwabta ba, amma ya isa ya tona asirin wanda ya nome rabin burtali, ko wanda ya tumɓuke shaidar siminti cikin dare ya matsar da ita.

Akwai haɗari na gaske, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ba kowace taswira ce ta cancanci a ɗora a waya a yanke hukunci da ita ba. Tsohuwar taswira mai ma'aunin 1/200.000, milimita ɗaya a kanta mita 200 ne a ƙasa, kaurin layin alƙalami kaɗai zai iya haɗiye burtali sukutum. Wanda ya ɗauki hoton irinta ya ɗaura mata lambobi a gaggauce zai iya mayar da mai gaskiya ɓarawo. Shi ya sa nake cewa COFO ce ya kamata ta fitar da fayil ɗin da kanta, daga awon da aka yi a gaban sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya, da kwanan wata da hatimi a jikinsa. In hukuma ta ƙi, wasu za su yi nasu, kowa ya zo da taswirar da ta dace da son ransa.

Ɓoyon nan akwai masu cin moriyarsa. Muddin ba wanda ya san iyaka sai mutum biyu ko uku, to sayar da filin kiwo ga mai kuɗi abu ne mai sauƙi, haka ma cin tarar makiyayi a wurin da doka ta ba shi hanya. Mun kuma san inda irin wannan gardama ke kaiwa: a Toda ta jihar Maraɗi, cikin 1991, mutane fiye da ɗari suka mutu, akasarinsu mata da yara.

Buƙatata ga kwamitocin filaye na Tanut da Balbeji ba ta da tsada. Kafin ranar sakin gonaki ta bana, ku fitar da fayil ɗin kowane burtali, mashaya da filin kiwo da aka riga aka auna. Ku ba magadan gari, masu gari, ardo-ardo da ƙungiyoyin manoma, a sanar a gidajen rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Inda ba a auna ba, ku faɗa a fili cewa ba a auna ba. Da sunan jama'a aka yi awon nan, jama'a kuma suna jiran kayansu.