Dodon-koɗin Rahad ma yana da nasa yaƙin

A ƙauyukan noman rani na Rahad, wajen Fau a jihar Gadarif, ba sabon abu ba ne yaro ya yi fitsari da jini. Tsargiya ce, cutar da Bahaushe ya sani tun kafin kakanninsa su yada zango a Sudan a kan hanyar Makka. Idan aka tashi yaƙarta, ƙwayar praziquantel ake rabawa, ta kashe tsutsar da ke jiki, yaro ya koma wanka a magudanar ruwa ya sake kwaso wata.

Tsutsar ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum sai ta bi ta jikin dodon-koɗi. Ƙwai ya fita cikin fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ɗan tsakon ya nemi dodon-koɗi cikin 'yan sa'o'i, in bai samu ba ya mutu. In ya samu, bayan makonni dubbai ne za su fito suna huda fatar mai wanki da mai ban ruwa. Shirin lafiya na Blue Nile da aka fara a 1979, wanda ya haɗa Jazira da Rahad, ya zuba guba a magudanai don kashe dodon-koɗin. An ga sauƙi, amma guba kuɗi ce, kuma ba ta barin kifi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dodon-koɗin ma ba maraba yake yi da baƙon ba, domin tsutsar tana hana shi haihuwa. Akwai ƙwayoyi a jininsa da ke yi wa tsutsar ƙawanya, su lulluɓe ta, su ƙone ta da sinadari mai kaifi. A jikin wani dodon-koɗin sukan gama da ita cikin kwanaki kaɗan. A jikin wani kuwa tsutsar ce ke shammatarsu. A kwatami guda ana iya samun iri biyun.

Masu kiwon kawa a Amurka sun daɗe da cin moriyar irin wannan bambanci. A 1957 wata ƙwayar cuta, MSX, ta faɗa wa kawar mashigin Delaware, cikin shekara biyu ta kashe kusan kashi 90 cikin ɗari a wuraren da ta fi tsanani. Harold Haskin na Jami'ar Rutgers ya tattara waɗanda suka tsira, ya yi ta haɗa su aure har aka samu zuriya mai jurewa. Kawa ba ta da garkuwar jiki irin tamu da za a yi mata rigakafi. Da ƙwayoyin jini irin na dodon-koɗi take kare kanta.

Ba a ce gobe a cika magudanan Rahad da dodon-koɗi mai taurin kai ba. Tsutsar ma tana sauya salo, kuma sakin halitta a ruwan sha ba wasa ba ne. Amma kawa ta samu masu bincikenta ne don ana sayar da ita, dodon-koɗi kuwa ba mai saye, sai yara da ke biyan kuɗinsa da jini. Jami'ar Gadarif tana jiha ɗaya da Fau. Ɗalibanta za su iya tsinto dodon-koɗi magudana bayan magudana, su gano inda tsutsar ke samun masauki da inda ake korarta, sannan a san inda ya dace a zuba guba da inda za a fara gina banɗaki da famfo.