Littafin Ɓarawo Ba Ya Koya Sata

Akwai dattawan da ke cewa littattafan da ke ba da labarin ɓarayi da masu kisan kai su ke lalata yara, wai a kawar da su. Kai da ka yi yaƙi da jahilci har ka iya karatu, kada ka yarda da wannan magana. Tun ba a san boko ba ake sata, ba kuwa a takarda aka koye ta ba.

Dubi Jiki Magayi, wanda John Tafida Wusasa da Rupert East suka rubuta a Zariya cikin shekarun 1930. Kyauta ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. To, laifin wa? Malam Shehu ne ya fara, da ya raba Abubakar da Zainab don yana da dukiya. Abubakar kuma ya rama a kan jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alƙali wanda aka kawo gabansa kaɗai yake hukuntawa, amma marubuci yana bin sawu har ƙofar gidan wanda dogari ba ya shiga. Ina zaton abin da ke ba waɗansu tsoro ke nan.

Haka yake a Faransa. A farkon shekarun 1980 Didier Daeninckx ya rubuta labarin kisan kai, ya tono yadda 'yan sandan Paris suka karkashe mutanen Aljeriya ran 17 ga Oktoba 1961. Shugaban 'yan sandan a lokacin, Maurice Papon, sai 1998 aka yanke masa ɗaurin shekara 10, shi ma a kan wani laifi dabam, watau tura Yahudawa hannun Jamusawa zamanin yaƙin Hitila.

Mu dawo gida. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ake noman rani a Kura da Bunkure. In aka sace wa manomi injin ban ruwa, yaron da aka kama shi ne zai sha duka. Wa ya sayi injin? Wa ya karkatar da takin da ya kamata ya isa hannun talaka? Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi wa masu fasa-ƙwauri irin wannan tambaya a Turmin Danya, a 1982. Gonakin shinkafa da tumatir na ƙasar Kano su ma suna bukatar mai bin sawunsu da alƙalami, kuma kai ka fi baƙo sanin hanyar da buhun takin ke bi.