Ƙanƙarar Ƙuryar Duniya da Ruwan Saman Kano

'Yan'uwa, mai yiwuwa wani zai ce ina ruwan mutumin Dakata da ƙanƙarar teku, shi da ko ta firji sai an kawo wuta yake gani. To, a yi haƙuri a ji.

Tun ƙarshen 1978 taurarin ɗan'adam suke auna faɗin ƙanƙarar da ke rufe teku a ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya, wata cibiya kuma mai suna NSIDC a jihar Kolorado ta Amurka tana tara alƙaluman a kwamfuta. Da wannan aka gane cewa a Satumbar 2012 ƙanƙarar arewa ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, wato kimanin rabin yadda take a shekarun 1980. Masanan ba su tsaya nan ba. Sun tono tsofaffin littattafan matuƙan jiragen ruwa masu farautar manyan kifaye, da taswirorin da ƙasar Danmak ta ajiye, suka kwafe su ɗaya bayan ɗaya har lissafin ya koma 1850. Aiki ne mai cin rai, amma ba don shi ba da sai musu kawai za a yi ta yi.

Abin ya shafe mu, domin masana da yawa sun danganta farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 da sanyin da arewacin tekun Atlantika ya yi idan aka kwatanta da kudancinsa, abin da ya ja damina ta yi kudu. Dattawanmu ba su manta tsadar gero ta lokacin ba.

Mu ma muna da namu tarihin. An fara rubuta yawan ruwan sama a Kano tun farkon zamanin Turawa, hukumar NiMet da aka kafa a 2003 kuma ita ta gāji aikin. Sai dai takarda ba ta jure gara da ɗigar rufi. A ganina ya kamata a shigar da kowane shafi cikin kwamfuta, a kuma buɗe shi ga ɗalibai da injiniyoyi kyauta. Wanda zai gina magudanar ruwa daga Bompai ta bi ta Dakata yana bukatar sanin ruwa mafi yawa da aka taɓa yi a yini guda, ba matsakaicin na shekara ba. Ruwan Agustan 1988 da ya fasa madatsar Bagauda ya rushe gidaje a cikin Kano yana cikin waɗannan littattafan, kuma da shi ya kamata a auna faɗin kowace kwalbati.