Guzurin matafiyi: abin da rana ta tsotse ba ya ruɓewa

Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne. Ɗan kasuwar da ya bi kamyo da ma'aikacin da aka tura rangadi cikin ƙauyuka duk sun san cewa yunwa ba ta jiran a isa masauki. Sai mutum ya sayi abin da ya tarar bakin tasha, wanda ƙuda da ƙura suka riga shi taɓawa. Daga nan sai ciwon ciki da zawo, kwanakin aiki su salwanta, ribar tafiya ta ƙare a kantin magani.

Maganin wannan matsala tsoho ne. Ayarin raƙuman da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Fashi da Bilma domin ɗauko gishiri yana yin makonni bisa hanya, guzurinsa kuwa dakakken hatsi ne da cuku da dabino, a dama da ruwa a sha. Turawan da ke yawon duwatsu a ƙasa, jaka a baya, su ma busasshen abinci suke ɗauka, sai dai su da injin lantarki suke busar da shi a gida. Mu rana da iskar hunturu sun ishe mu.

Sirrin abu ɗaya ne: ƙwayoyin cuta da hunhuna ba sa hayayyafa inda babu danshi. Ɗanyen nama wajen kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne, tumatir kuwa ya zarce kashi 90. Saboda haka kilo 10 na tumatir, in an yi kauɗarsa, ba ya cika kilo 1. Kaya ya yi sauƙi, kuma ya daɗe.

Ga yadda uwargida za ta haɗa. A dafa shinkafa ko wake ba tare da mai ba, a baza kan faranti, a shanya har ya bushe ƙarau. A yanka tumatir da albasa siri-siri, a shanya su daban, a daka tare da gishiri da tonka. Ganyen zogale a inuwa ake shanya shi. Nama kuwa a zaɓi tsoka zalla, a cire kitse, domin kitse ba ya bushewa, shi ne ke fara wari in zafi ya buge shi. Masu kilishi sun daɗe da sanin haka, abin da ya sa suke feɗe nama kamar takarda, su shanya, su tsoma cikin tunkuza, su sake shanyawa, sa'an nan su gasa. A 2023 hukumar OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali.

Amma a kiyaye abu uku. Na farko, shanya a ƙasa ɓarna ce: a ɗora bisa rumfa, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda. Na biyu, kada a ƙulle abinci a leda da sauran laima; abin da ya lanƙwashe maimakon ya karye, in ba nama ba, a mayar da shi rana. Gujiyar da ta yi hunhuna a zubar, domin tana ɗauke da dafi mai lahanta hanta, wanda wuta ba ta kashe shi. Na uku, ruwan da za a jiƙa abincin a masauki sai an tafasa shi sosai, in ba haka ba an yi aikin banza.

Watannin Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da tumatir ya cika kasuwa kuma iska ta bushe, su ne lokacin wannan tanadi. Wanda ya jira sai damina, gajimare zai hana shi. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah shi kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.