Marubuta, Mu Daina Yi Wa Mota Ƙarya

Makon nan da mu nake, har da ni kaina.

A rubuce-rubucen da ake turo mana a ƙungiya don dubawa, da wuya ka wuce shafi biyar ba ka ci karo da "wata dalleliyar mota" ba. Wace iri ce? Oho. In an daure an ambaci suna, to Range Rover ce ko Marsandi, ko da a ƙauye labarin yake. Ni ɗan Farin Dutse ne. Tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, Golf da Sharon ne ke ɗaukar mu, huɗu a baya biyu a gaba, ranar kasuwar Sara kuma akori-kura da kanta. Yaushe rabon da ku ga waɗannan a littafi?

Wani zai ce mai karatu mafarki yake saye, ba ya son a tuna masa talauci. Na ji. Amma mota tana faɗin wane ne mai ita. Ɗauki Fijo 504. A 1968 ta fito a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi shekaru yana harhaɗa ta. Ba ta tsoron gargada, har gasar Safari ta Kenya ta ci a 1975. In ka rubuta cewa tsohon hedimasta yana lallaɓa 504 ɗinsa, ka gama faɗa mana shekarunsa da aikinsa da yadda fansho ya bar shi. "Dalleliya" fa, me ta faɗa mana?

Ƙaryar da ta fi muni ita ce ta tuƙi. Jarumi ya yi fushi, ya fizgi mota, ya ƙure maleji, ya isa gida lafiya lau, budurwa tana yaba jarumtarsa. Samarin da ke wasan mota a wurin biki, su da ƙannensu muke yi wa wannan rubutun. Alhali masu tseren gaskiya ba haka suke yi ba. Kafin hukumar FIA ta ba mutum lasisin Formula 1, sai ya tara maki 40 a ƙananan gasanni, ya ci jarrabawar dokoki, ya tuƙa irin motar kilomita 300 a gwaji. Sannan a killataccen fili suke gudu, da hular kwano da kayan kariya daga wuta. Jaruminmu kuwa ba mu taɓa nuna yana da ko lasisin tuƙi ba, kuma a titin Kano zuwa Maiduguri muke sakin sa, inda tankoki ke wucewa, shanu ke tsallakawa, yara ke talla a bakin hanya. In za ka sa shi gudu, to rubuta har da abin da gudu ke jawowa.

Shawarata: kafin ka sake saka mota a labari, je tasha ka zauna da direbobi, ka leƙa gareji ka saurari bakanike. Awa ɗaya ta isa ka samu kalmomin da ba ka taɓa gani a littafi ba.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa.